Ma'aunin Baba Tanko

Guntun ƙarfen nan da ke kan teburina, wanda duk ɗalibin da ya zo koyon aiki sai ya ɗauka ya jujjuya, har wani ya taɓa buɗe kwalbar lemo da shi, ba don danne takarda aka yi shi ba. Ma'auni ne. Gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri da ɗan abin da ido ba ya kamawa sai yatsa, kuma da wannan ɗan bambancin wani mutum ya ci abinci shekara da shekaru kafin ya haɗu da ni. Zan ba ku labarinsa, tunda kun ce ɓangaren shari'ar ƙirƙira da sirrin sana'a kuke so ku bi. Na kuma ji dalilinku. Wai babu zaryar ofishin 'yan sanda, babu rigimar gona, aikin takarda ne kawai: ka cike fom, ka aika Abuja, ka zauna ƙarƙashin fanka da taye a wuya. Ban ga laifinku ba, ni ma da wannan tunanin na shigo.

Aikin farko da aka ba ni kwaɗo ne, irin na rufe shago. Maigidana, Oga Bankole, Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi, ofishinsa kuma yana saman wani bene kusa da kasuwa, a ƙasa masu sayar da kayan keke. Ranar da na fara ya ajiye mini kwaɗon, ya ce in rubuta yadda yake, ta yadda maƙerin da bai taɓa ganin kwaɗo ba zai karanta ya ƙera. Na ce a raina, duk karatun da na sha, aikin 'yan firamare za a ba ni? Kafin azahar na cika shafi uku da Turanci mai nauyi. Ya karanta, ya ciro jan bironsa, ya tambaye ni me ke mayar da harshen kwaɗon idan an zare makulli. Ban sani ba, don ban leƙa cikinsa ba. Sati uku na yi a kan kwaɗon nan, na fasa biyu da guduma, masu kayan keke suna yi mini dariya wai lauya ya koma fasa shago.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: tafireta, takardar kabon, rula, ma'aunin kauri irin na makanikai, da tocila don leƙa cikin inji. Kwamfuta ta zo daga baya, amma rabin mako a rufe take da zane saboda babu wuta. Abin da Oga Bankole ya fi nanata mini shi ne, wanda ya ƙirƙiro abu hanya biyu gare shi. Ko ya rufe bakinsa ya ci gaba da aikinsa, sirrinsa na nan muddin bai fita ba. Ko ya faɗa wa hukuma komai a rubuce, bai ɓoye ko ƙusa ɗaya ba, ita kuma ta ba shi takardar da ta hana kowa yin irinsa har shekara ashirin. Sharaɗin hanya ta biyu shi ne abin ya kasance sabo, bai taɓa fita bainar jama'a ba kafin ranar da aka shigar da takarda. Ofishin rajista ba ya binciken wannan, haka doka ta tsara. In takardunka sun cika za a ba ka satifiket da hatimi mai kyau, amma sai ranar da ka kai wani ƙara za ka san ko yana da amfani.

Saboda haka Oga ya ba ni wani ɗan kati da ya kwafo daga littafin Turawa, mai tambaya huɗu da za a yi wa duk wanda ya zo. Ka taɓa sayar da shi? Ka buga shi a jarida ko mujalla? Ka kai shi baje koli? Ka yi tallarsa? Ya ce in amsa ɗaya ta zama e, in ba mutum haƙuri in raka shi bakin ƙofa.

Rakiya kuwa na yi ta har na gaji, musamman bayan na buɗe nawa ofishin a Samaru, farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa. Na zaci kusa da jami'a ƙirƙira za ta yi ta zuba. Malami zai zo da abu mai kyau ƙwarai, sai ka tarar ya riga ya buga shi a mujalla shekara uku da suka wuce don neman ƙarin girma, ya kashe abinsa da hannunsa. Mai maganin gargajiya zai zo yana son takarda amma ba zai faɗi abin da ya haɗa ba. Wata mai gidan burodi a Sabon Gari ta zo tana kuka, mai kwaɓinta ya koma wajen kishiyar sana'arta da sirrin haɗinta. Da muka bincika, haɗin a rubuce yake da alli a jikin bango, duk mai kawo fulawa ya karanta. Kotu ba ta tsare maka sirrin da kai ba ka tsare ba. Shekara biyar na yi ina cin abinci da takardun haya da na filaye, allon ƙofata kuma yana cewa ni gwanin shari'ar ƙirƙira ne.

Baba Tanko bai zo wurina ba, ni na je wurinsa, kuma wannan ne ba na mantawa. Mahaifiyata ce ta aiko mini da buhun gyaɗar iri daga ƙauye, ta ce in kai wa wani mai walda a bayan kasuwar Samaru ya ɓare, don an ce nasa injin ba ya fasa ƙwaya. Wanda bai yi noma ba ba zai gane girman wannan ba. Gyaɗar da ta fashe ko fatarta ta saɓule ba ta tsirowa, shi ya sa mata suke ɓare ta iri da hannu har yatsunsu su yi kanta. Na tarar da layin buhuna tun daga ƙofar rumfarsa har bakin titi, manoma daga Shika da Bomo da Giwa suna zaune a kai. Injin yana bayan wani shingen kwano, ba mai shiga sai shi. Ka miƙa buhu ta nan, ka karɓi gyaɗa ta can, kowace ƙwaya da jar rigarta.

Dattijo ne gajere mai sanƙo, idonsa ɗaya ya fara farfari saboda wutar walda, dattijon ikilisiya kuma a wata ƙaramar coci a gefen gari. 'Ya'yansa mata ne su uku, duk da injin nan yake karantar da su. Masu ƙera injina a Sabon Gari sun sha kwaikwayonsa daga abin da suka hango ta saman shinge, babbansu wani Lawal mai injina, amma nasu rabin gyaɗar yake niƙewa. Da na ga haka na san na dace. Ga abin da na yi shekara biyar ina jira.

Wata huɗu ina bin mutumin nan. Na ce masa idonsa na tafiya, ranar da ya kasa aiki me zai bar wa 'ya'yansa, rumfa da shingen kwano? Na ce in yana da takarda zai iya ƙera injina ya sayar har Katsina da Bauchi ba mai kwaikwayonsa, kuma takarda ana gadonta kamar gona. Maganar gadon ce ta karya shi. Na ciro katina na yi masa tambayoyin nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa sayarwa ba, bai san hanyar gidan jarida ba, bai taɓa zuwa baje koli ba, talla kuwa manoma ne suke yi masa. Duk gaskiya ya faɗa mini.

Wata safiya kafin ya buɗe rumfa ya shigar da ni bayan shingen, ya kwance murfin injin. Ganga ce a ciki da aka naɗe da robar tsohuwar taya, tana juyawa a kan rariyar ƙarfe. Masu kwaikwayo suna barin tazara ɗaya tsakanin ganga da rariya, sai manyan gyaɗa su fashe, ƙanana su wuce da ɓawonsu. Shi kuwa tazararsa da faɗi take farawa, tana tafiya tana tsukewa, kowace gyaɗa sai ta kai daidai wurinta kafin a matse ta. Ya sa hannu a aljihun cikin rigarsa ya ciro wannan guntun ƙarfen, ya nuna mini yadda yake saita bakin da gefe mai kauri, ƙarshen da gefe mai siriri. Ya ce shekara bakwai ya yi yana gogar ƙarfe yana zubar da gyaɗa kafin ya dace. Na ciro ma'aunina na auna, na rubuta lambobin. Yana tsaye yana kallon birona.

"Barista," ya ce, "in ya shiga takarda, a cikinta zai zauna?"

Na ce masa takardar ce ma za ta tsare shi.

"To, kai ka sani," ya ce, ya mayar da murfin.

Ban taɓa rubuta bayani mai kyau kamar wannan ba, kuma ban sake ba. Na kai wa Oga Bankole ya duba, jan bironsa bai sami wurin sauka ba, ya ce maƙerin da bai taɓa ganin gyaɗa ba ma zai ƙera wannan. Na ɗauka yabo ne kawai. Da satifiket ya iso, Baba Tanko ya sa shi a gilashi, ya ce ranar Lahadi zai kai shi coci a yi masa addu'a. Na yi dariya na ce ya kyauta. Ko a lokacin ban farga ba.

Muguwar shekarar ta fara ne da kaka. Wani manomi ya ce wa Baba Tanko ba sai ya ƙara wahalar zuwa Samaru ba, ƙungiyarsu ta sayi inji wajen Lawal, kuma ba ya fasa ko ɗaya. Lawal bai yi sata ba, bai tsallaka shingen kowa ba. Ya tura mutum Abuja ya nemi kwafin bayanin da na rubuta, abin da doka ta yarda kowa ya yi, ya zauna da masu waldarsa suka bi shi layi-layi. Ban damu ba, har daɗi na ji, don irin ranar da aka yi takardar dominta ke nan. Na shigar da ƙara a Kaduna, inda kotun da ke sauraron irin wannan shari'a take. Cikin watan nan ne Oga Bankole ya faɗi a matakalar ofishinsa, ɓarin jikinsa ya mutu, bakinsa ya karkace, bai sake magana ba har ya rasu. Na rasa wanda zan kai wa takarda ya duba.

Ku da kuke ganin aikin zama ne, ku tambayi hanyar Zariya zuwa Kaduna sau nawa ta gan ni da dattijo a gefe, mun tashi da sassafe, mu isa a ce an ɗage zama. Duk ranar da muka tafi rumfarsa a rufe take. Sau biyu muka ɗauki injin a bayan a-kori-kura, ni da baƙar riga ina tallafe shi a kwana. A karo na biyu aka tayar da nasa da na Lawal a harabar kotu, aka zuba gyaɗa mudu ɗaya a kowanne. Duka biyun suka fitar da ƙwaya lafiya lau. Na dubi alƙali ina murmushi, don na tabbatar an kwaikwaya. Lauyar Lawal ba ta ko yi musu ba, wannan ya kamata ya tsorata ni.

Barista Ngozi sunanta, 'yar Sabon Gari, ubanta mai hidima ne a wata coci a can, kuma ta girme ni a aiki da shekara biyu kacal. Da aka zo kan shaidunta sai ta kira sunan Mama Rifkatu, matar Baba Tanko, a matsayin shugabar zumuntar mata ta cocinsu. Na san an kawo mata sammaci, amma na ɗauka neman tsoratarwa ne, na ce mata ta faɗi gaskiya kawai. Ta shigo da zanen zumuntarsu, ta dafa Littafi Mai Tsarki ta rantse. Barista Ngozi ta gaishe ta da Hausa cikin ladabi, ta tambaye ta ko akwai injin ɓare gyaɗa a harabar cocinsu.

"Akwai, 'yata," in ji ta, tana kallon mijinta da fara'a. "Shi ne na farko da maigida ya ƙera ya yi daidai. Nunan fari ne, na Ubangiji ne. Ranar bikin godiya ya kai shi gaban bagade, inda ake miƙa baiko a coci."

Aka tambaye ta tun yaushe. Ta ce kaka huɗu kafin a ba su takardar gilashin nan. Aka ce a ina ake ajiye shi. Ta ce ƙarƙashin mangwaro, an yi masa 'yar rumfa, mata suna ɓare gyaɗarsu, har maƙwabta Musulmi suna kawo tasu. Aka ce in ya toshe fa? Ta ce su da kansu suke kwance murfin su share, ai ya nuna musu. Sai lauyar ta tambaye ta ko akwai wanda aka taɓa hanawa ya taɓa shi ko ya leƙa cikinsa.

"A gidan Allah?" Mama Rifkatu ta ce. "Wa zai hana?"

Ita a ganinta yabon mijinta take yi a gaban hukuma. Bayan ta sauka aka kawo talabijin aka sa kaset ɗin bidiyon bikin, wanda wani ɗan ikilisiya ya ɗauka. Ga doya da masara da kaji a gaban bagade, ga Baba Tanko da fararen kaya ya buɗe murfin yana nuna wa fasto gangar, mata suna guɗa. Da aka ce ko ina da tambaya, na ce ba ni da ita.

Na yi iya ƙoƙarina a jawabin ƙarshe. Na ce shekara huɗu injin nan yana gindin mangwaro ba wanda ya auna shi, shaida kuwa Lawal bai iya yin nasa ba sai da ya karanta takardata. Alƙali ya saurare ni da haƙuri, amma ni kaina na san amsar. Doka ba ta tambayar ko an auna, tana tambayar ko an bar abin inda kowa zai iya aunawa. Aka soke satifiket ɗin. Bayanin da na rubuta kuwa ba a soke shi, yana nan a ajiye, da lambobinsa, duk mai so ya nema.

A bakin kotu Barista Ngozi ta tsayar da ni, ba da izgili ba, ta ce ita da ta ji an ce dattijon ikilisiya ne, ba ta je ko'ina ba sai cocinsu. Ta ce, "Barista, kai fa ɗan gida ne. Yaya aka yi ba ka tambaye shi ba?" Ni ne mutumin da ranar da na zama lauya, mahaifiyata ta hana ni sa hular gashi da baƙar riga sai da na kai su coci fasto ya ɗora musu hannu. A wajenmu babur, keken ɗinki, damin farko na gona, ba abin da ake fara ci ko amfani da shi bai je gaban bagade ba. Na san wannan tun kafin in iya karatu. Amma na zauna gaban dattijon ikilisiya da katin da aka rubuta don mutanen wata ƙasa, na yi tambaya huɗu, na rufe littafi. Har yau in na tuna kunya ce take kama ni, da baƙin ciki.

Kafin kaka ta zagayo, duk mai injin walda daga Sabon Gari zuwa Kwangila yana ƙera injin Baba Tanko. Ƙauyuka suka sayi nasu. Layin buhunan nan ya ragu zuwa biyar, ya koma biyu, ya ƙare. Shi ba ya da jarin da zai yi gasa da masu shaguna, sai ya koma walda ƙofofi da tagogi, da idon da ya rage masa. 'Yarsa ta ƙarshe ta bar makaranta ta shiga koyon ɗinki.

Na je wurinsa da maganar ɗaukaka ƙara, ko da yake na san ba inda za ta kai, kawai na kasa zama ne. Na tarar ya cire shingen kwanon ya yi rufin bayan gida da shi, injin yana fili kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Ya ba ni benci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Da na fara bayanin ɗaukaka ƙara ya ɗaga hannu ya ce a bar shi haka, Mama Rifkatu ba ta ƙara cin abincin kirki ba tun ranar, ba zai sake kai ta gaban alƙali ba. Bai zage ni ba, bai ce na cuce shi ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi mini.

"Barista, da ka tambaye ni maganar cocin nan na gaya maka, da me za ka ce in yi?"

Na ce da na ce masa kada ya rubuta komai, ya rufe bakinsa, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa a bayan shinge.

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, ai da ma abin da nake yi ke nan."

Da na tashi tafiya ya sa hannu a aljihun cikin rigarsa ya ciro ƙarfen, ya ce in riƙe, shi ba ya da abin yi da shi, yaran Lawal ma sun yanka nasu. Ya sauke baƙin gilashinsa ya koma kan ƙofar da yake haɗawa.

Katin Oga Bankole yana nan a cikin durowa, na ƙara masa tambaya ta biyar da jan biro: Ka taɓa kai shi coci? Shekara nawa ke nan, ba wanda ya sake shigowa ofishin nan da abin da ya isa in yi masa ita. In kun gama kallon ƙarfen, ku mayar da shi inda kuka same shi.